Inci Shidan Tela da Inci Shidan Kafinta

A gidanmu mun shekara uku ba mu ci abinci a kan teburin cin abinci ba, domin ana yaƙi a kansa.

Baba kafinta ne. Shi ya ƙera teburin da hannunsa, kuma shi ya fara cin amanarsa. Wata rana ya dawo daga shago da wani tsohon littafi marar bango, wanda ya tsinta a bayan durowar wata kabad da aka kawo masa gyara, mai ita ya ce ya riƙe. Littafin na wasan yaƙi ne da ake yi da ƙananan sojoji a kan tebur. Kafin wata ya zagayo, Baba ya sassaƙa sojoji tamanin daga guntayen katako, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Ya shafa wa arba'in jan fenti, arba'in shuɗi. Ya yi igwa huɗu da gada guda.

Kawu, autan su Mama, tela ne. Shi ya kawo koren yadi aka shimfiɗa ya zama fili, ya kwantar da shuɗin ƙyalle a tsakiya ya zama kogi, ya ɗinka tutoci masu girman farce. Tuddai kuwa kwanukan Mama ne aka kifa a ƙarƙashin yadin. Har yau in maƙwabciya ta zo aron babban kwanonta, sai Mama ta ce, “Ki yi haƙuri, yana bakin daga.”

Ni ce alƙaliyar wasan. Ba don jarumta aka ba ni ba. Ni mutum ce da in baƙo ya gaishe ni, sai ya kai bakin titi nake samo amsar da ta dace. An ba ni ne don ni kaɗai na karanta littafin har ƙarshe. Baba ya tsaya a shafi na tara ya ce ya gane sauran, Kawu kuma ya ce ƙaramin rubutu na sa shi barci. Aikina in riƙe littafin, in duba ɗan lido in an jefa, in rubuta wanda ya ci.

Dokar da ta shafe mu a nan guda ce. Kowane zagaye, soja zai yi tafiyar inci shida, ba ƙari ba ragi. Kowa shi zai auna wa nasa. Kawu yana awo da tef ɗinsa na yadi da yake ratayawa a wuya, Baba kuma da tef ɗinsa na ƙarfe, wanda maigidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. Bakin tef ɗin ya lanƙwashe tun ina goyo, amma wanda duk ya ce a sauya shi ya nemi faɗa. Wanda ya riga hawa gada shi ke da rinjaye, don fitar da shi sai an yi da gaske.

A shekara ukun nan, Baba bai taɓa riga Kawu hawa gadar ba. Ko sau ɗaya.

Kowace Asabar da la'asar Kawu zai yi sallama, ya ajiye min littafi daga wajen mai tsofaffin littattafan da ke jikin shagonsa, ya zauna a kan bokitin fenti, ya murza hannu.

“Janar, yau ma a gefen kogi za a kwana?”

“Yi shiru, Tela. Kai da gobenka ba ta zuwa. Ina wandona?”

“Yana tare da kujerar da ka yi min alkawari tun ina da gashi. Ranar da ta iso, shi ma zai iso.”

Haka suke tun kafin a haife ni, in ji Mama. Shi ya sa ranar da abin ya ɓaci, ba mu ankara da wuri ba.

Ran nan Kawu ya kafa shuɗiyar tutarsa a kan gada kamar kullum, har da 'yar waƙa. Baba ya tsura wa gadar ido. Ya zare fensir daga bayan kunne, ya mayar, ya sake zarewa.

“Tela, ni na ƙera teburin nan. Daga bakinka zuwa gada inci talatin da biyar ne, daga bakina ma haka. Sojojin nan daga katako ɗaya na fitar da su. To naka ƙafar barewa gare su?”

“Horo ne, Janar. Nawa ba sa tsayawa shan shayi a hanya.”

“Ba horo ba ne. Ha'inci ne.”

Ya kamata in bayyana wani abu a nan. A sana'ar Kawu, wannan kalmar ake jifan telan da ke cin yadin mutane da ita. Kawu kuwa shekara ashirin da biyar yana ɗinki, ko guntun da bai isa share gilashi ba sai ya ƙulle shi a leda ya mayar wa mai shi. Za ka iya ce masa ɗinkinsa ya karkace ya yi dariya. Wannan kalmar dai, a'a.

Ya cire gilashinsa a hankali. “Babban Yaya, ni?”

Da ma a nan Baba ya janye. Amma Baba in ya buga ƙusa, ko a karkace ta shiga sai ya kai ta ƙarshe.

“Asabar mai zuwa za mu buga, Uwata za ta sa maka ido.” Ni yake ce wa Uwata. “In ta kama ka, kada ka sake tako ƙofar nan.”

“Na yarda,” in ji Kawu. “In yarinyar nan ta ce na ci ƙari, ba za ka sake ganin ƙeyata ba.”

Mama ta leƙo da cokali a hannu. “Maigida, Auta, kuna jin kanku kuwa? A kan 'yan itace?”

Ba wanda ya kalle ta. Kawu ya tafi bai ci abinci ba, abin da bai taɓa yi ba. Shi kaɗai yake zaune a ɗakin bayan shagonsa, ranar Asabar ce kawai yake cin girkin gida. Kuma duk duniya shi kaɗai ne in na fara magana na sarƙe, yake jira sai na kai ƙarshe, ba ya ƙarasa min.

Da farko hankalina a kwance yake, don na san Kawu ba zai yi ha'inci ba. Ranar Talata ce na ga abin da ya tayar min da shi.

Na biya shagonsa daga makaranta in mayar da littafi. Na same shi da wani mai ƙaton tumbi yana gwada shi. Ya zagaya tef, ya ce, “Arba'in da biyu.” Ya juya kan yadi, ya shimfiɗa tef, babban yatsansa ya sauka a kan arba'in da biyu, sai ya zame gaba kaɗan, sannan ya ja alli. Ya auna hannun riga, yatsan ya sake zamewa. Ya auna kafaɗa, haka.

Da mutumin ya fita na ce, “Kawu, me ya sa... yatsanka... yake wucewa?”

Ya jira na gama. “Wane yatsa?”

Na nuna masa alamar allin.

“Oho, wannan? Rarar ɗinki ce, 'yata. In ka yanka daidai awo, me allura za ta kama? Sai ka bar inci guda. Ni ban ma san ina yi ba, hannun ne ya san aikinsa.”

Ya ci gaba da yankansa yana fito. Ni kuwa na fito ina lissafi a hanya. Ashe shekara uku sojojin Kawu inci bakwai suke tafiya.

Mai karatu zai ce, to ki yi shiru mana, ki ce ba ki ga komai ba. Ai nan gizo ke saƙa. Tun ina ƙarama, in na yi ƙarya sai shaƙuwa ta kama ni. Duk gidan sun sani. Ina shekara bakwai da na shanye madarar gwangwani, Mama ba ta ma yi bincike ba, tambaya ɗaya ta yi ta tsaya tana ƙirga.

Na kwana uku ina gwaji a gaban madubi. “Ban ga komai ba, Baba.” Hik. “Kawu daidai yake awo.” Hik, hik. Madubi ma ban iya yi masa ƙarya ba.

Ranar Juma'a, don in rage wa kaina zullumi, na ɗauko littafin da nake rubuta wasannin na yi lissafi. Inci talatin da biyar, bakwai-bakwai, zagaye biyar. Haka ne, kullum a na biyar Kawu ke hawa gada. Mai tafiya shida-shida ya kamata ya iso a na shida. Amma duk shafin da na buɗe, a na bakwai jajayen sojojin Baba ke isowa. Rarar Kawu ta ba shi zagaye ɗaya. To ɗayan fa, wa ya cinye? Na juya lissafin sama da ƙasa ban gano ba. Na dai sa rulata ta makaranta a cikin littafin dokoki, ban san me zan yi da ita ba.

Asabar ta zo. Kawu ya yi sallama da guga a jikin rigarsa, kamar mai zuwa kotu. Ya ajiye min littattafai uku maimakon ɗaya, na gane na bankwana ne ko da abin zai ɓaci. Ba a yi zancen wando ba, ba a yi na kujera ba. Mama ta ja kujerar roba ta zauna a ƙofar kicin tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

“Uwata, idonki a kan hannunsa,” in ji Baba.

Zagaye na ɗaya, Kawu ya shimfiɗa tef a natse, yana nuna wa kowa. Yatsa ya sauka a kan shida. Na yi ta addu'a a zuci. Ya zame. Kawu ya ajiye sojansa a kan bakwai, ya ɗago ya kalle ni da fuskar mutumin da ya san bai ci na kowa ba.

Na kasa ci gaba da kallo. Saboda tsabar tsoro na kawar da kai zuwa ɗaya ɓangaren, idona ya faɗa kan hannun Baba.

Baba ya zaro tef ɗinsa. Da yake bakin ya lanƙwashe, bai ɗora shi a ƙafar soja ba. Ya matsar da shi baya, ya daidaita lamba ɗaya da ƙafar sojan. Na sha ganin haka a shago. A can daga ɗaya yake farawa, in ya je ƙarshe sai ya ce da ƙarfi, “Da ɗaya,” ya ƙara incin da ya tsallake. A nan kuwa idonsa na kan Kawu yana harara. Ya ja soja zuwa lamba shida ya dangwarar. Ba “da ɗaya”.

Na jira zagaye na biyu. Haka. Na uku, haka.

A zagaye na biyar shuɗiyar tuta ta hau gada. Jajayen suna can baya kamar masu jiran mota. Baba ya ajiye tef.

“To, Uwata. Me kika gani?”

Na shirya jawabi mai kyau a kaina, har da gabatarwa. Na buɗe baki, sai na ji kaina na ce, “Ban ga komai ba.”

Hik.

Mama ta runtse ido. Baba ya gyara zama. Kawu ya dube ni, ya dubi tef ɗinsa, fuskarsa ta canja. Hik. Ya miƙa hannu ya fara zare tutocinsa ɗaya bayan ɗaya yana sa wa a aljihu.

“Tsa... tsaya,” na ce. Tunda baki ya ƙi, sai na koma ga hannu. Na ruga na ɗauko zare da almakashi daga kwandon Mama, na yanko dogaye biyu. “Kowa... ya yanko min inci shida. Da tef ɗinsa. Don Allah.”

“Yau kuma jarrabawa za a yi min?” in ji Baba. “Shekara talatin ina awo.”

Amma ya yanka, yana hararar Kawu. Kawu ma ya yanka. Na kwantar da rulata a kan kogi, na jera zarurrukan biyu a jikinta.

Na Kawu ya kai bakwai. Na Baba ya tsaya a biyar.

Mu huɗu muka haɗa kai a kan teburin, har da Mama da farantin shinkafarta.

Baba ne ya fara magana. Ya ɗauki rular ya ɗaga ta wajen taga ya kanne ido ɗaya. “Wannan ta roba ce. Zafi na sa su miƙewa.”

“In ta miƙe, ai nawa ma da ya ragu,” in ji Kawu a sanyaye. Ba Baba yake kallo ba, babban yatsansa yake kallo. “Kai ne? Shekara uku kana ci da sunana?”

Na yi musu bayani. Na sarƙe sau huɗu, amma ba wanda ya katse ni. Na faɗi rarar ɗinki, na faɗi “da ɗaya”. Da na zo kan “da ɗaya”, sai Baba ya sa hannu ya shafa ƙeya, ya shiga duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

Na zaci an gama. Sai Kawu ya miƙe ya rataya tef a wuya.

“Babban Yaya ya yi gaskiya. Na ce in yarinyar nan ta ce na ci ƙari zan tafi. Ga shi na ci. Magana ɗaya ce.” Ya juya wajen Mama. “Yaya, a yafe ni.”

Na dubi Baba. Na san so yake ya ce ya dawo. Amma ƙusar ta riga ta shiga, kuma Baba bai iya zare ƙusa a gaban mutane ba. Kawu ya kai ƙofa ya fara laluben takalmi.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na buga littafin dokoki a kan tebur, sojoji uku suka faɗa kogi.

“Ni ce alƙaliya! Ban sallami kowa ba!”

Kawu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ni kaina sai da na waiga in ga ko wata ce ta yi maganar.

“Ha'inci shi ne abin da mutum ya yi yana sane,” na ce. “Kawu bai sani ba. In kuma an ce duk wanda ya taɓa awo ya yi ha'inci, to Kawu ya cuci Baba inci ɗaya, Baba ma ya cuci Baba inci ɗaya. Laifi ɗaya, hukunci ɗaya. In za a kori mai laifi, su biyu za su fita.”

Na tsaya ina jiran shaƙuwa. Ba ta zo ba.

Mama ta ajiye farantinta, ta taka har ƙofa, ta buɗe ta wangale.

“Madalla da wannan shari'a. Bismillah, ku biyun. Allah ya kiyaye hanya. Yau zan ga fuskar teburina, kwanukana su dawo daga yaƙi.”

Baba ya dubi ƙofar, ya dubi Mama, ya ga ba alamar wasa a tare da ita. Leɓensa ya fara rawa. Ya yi tari don ya danne, dariyar ta fito ta hanci.

“Kai, Tela,” ya ce, “ina za ka da tutocin mutane? Dawo ka zauna, kai da ba ka iya ƙirga shida ba.”

Kawu bai motsa ba tukuna. “Kalmar nan fa, Babban Yaya?”

Baba ya zare fensir daga kunne ya jujjuya shi. “Na auna ta ba daidai ba,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Ita ma.”

Kawu ya cire takalmin. Ya dawo ya zauna a kan bokitin fentinsa, ya daɗe yana goge gilashi da bakin riga, ya fi yadda gilashin ke buƙata. Sannan ya mayar da shi ya ce, “Ni dai na wuce shida, Janar. Kai ko isa ba ka yi ba.”

“Laifi tudu ne,” in ji Mama, ta koma kicin tana cewa ita dai an cuce ta tebur.

Aka sake jera sojoji. Na karɓe tef ɗin kowa na zauna a kansu, aka yi awo da rulata. A zagaye na shida rundunonin biyu suka iso gada tare. Littafi ya ce a jefa ɗan lido. Kawu ya jefa biyu, Baba ya jefa biyar.

Baba ya kafa jar tuta a kan gada, ya miƙe ya zagaya teburin sau biyu, ya leƙa kicin ya sanar da Mama, ya leƙa taga ya sanar da mai wankin mota na ƙofar gida, wanda bai san ana yaƙi ba. Da ya dawo ya zauna, sai ya tsaya yana kallon sojojinsa.

“Uwata,” ya ce da raɗa, “in mutum ya hau gadar, sai ya yi me?”

Bayanin yana shafi na goma. Kafin in gama karanta masa, igwar Kawu ta share rabin rundunarsa. An cinye shi cikin minti ashirin, bai taɓa shan kaye da wuri haka ba, kuma bai taɓa tashi daga teburin da fara'a irin ta ranar ba. Muka ci shinkafa a kan cinya kamar kullum. Kawu ya yi ƙari sau biyu.

Asabar ta gaba da ya zo, bai tarar da bokitin fenti ba. A wurinsa akwai sabuwar kujera, tana ƙamshin katako, an goge ta har tana ɗaukar ido. Baba yana gefe yana gyaran igwar da ba ta lalace ba.

Kawu ya shafa ta, ya zagaya ta, ya zauna a hankali. Ya miƙe ƙafa, ya tanƙwashe. Ya zaro tef daga wuya ya auna daga ƙasa zuwa mazauni.

“Janar, ta yi gajarta da inci ɗaya.”

“Ƙafafunka ne ke da rara,” in ji Baba. “Ina wandona?”

“Gobe.”